ƘUGUN MAƊORI

Shafi na 31

Masu damuna da saƙo tun jiya cewa na bar Malam Ɗan'inna a kan gado na kama gabana, to ga shi na tashe shi. Amma duk wadda ta kai ƙarshen shafin nan ranta ya ɓaci kada ta zo min da ƙorafi, ku kuka matsa.

*

"Ashirin da biyu... ashirin da uku... Baba, ɗago kanka mana, ka daina kallon ƙasa."

"In ban kalli ƙasa ba, sama zan taka?"

Mashkura ta danne dariyarta. Tana tafe da baya da baya a gabansa, hannuwanta a buɗe, shi kuma yana ɗaga ƙarfen dogarawar nan mai ƙafa huɗu ya dire, ya jawo ƙafar hagu, ya biyo da ta dama. Hantsi bai gama ɗagawa ba amma gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Yau sati biyar cif da yi masa aikin ƙugu a Kano, kuma yau ne karon farko da ya wuce igiyar shanya bai nemi kujera ba.

"Keken jarirai," in ji shi yana hararar ƙarfen. "Ni Ɗan'inna, da furfurata, an dawo da ni keken jarirai."

"Malam Jamilu mai gashin ƙashi ya ce in ka dage, nan da sati biyu sanda za a ba ka."

"Mutumin nan mai murɗa min ƙafa yana kallon agogo? Da a gidanmu yake, sai ya shekara bakwai yana feƙe kara kafin in bar shi ya taɓa ɗan yatsan mutum."

Haka yake fa. Ko sanda ƙafa ta ƙi aiki, bakin nan bai taɓa hutawa ba. Maɗori ne ɗan maɗori daga Tsamiyar Maɗora, can bayan Taura. Daga Ringim, daga Gumel, har daga Nijar ake kawo masa masu karaya a bayan akori-kura su koma gida da ƙafarsu. Sai ga shi da damina ya zame a bakin rijiya, ƙugu ya tafi. Ƙaninsa Arzika ya ɗora shi, aka kwance aka sake, aka kwance aka sake, wata huɗu mutum yana kwance har bayansa ya fara gyambo. Da kuka da magiya Mashkura ta ɗauko shi, a kan cewa gidanta na Dutse za ta kawo shi ya huta ya sha allurai, tunda ita malamar asibiti ce. Daga Dutse ita da mijinta Mika'ilu suka wuce da shi Kano. Har yau mutanen ƙauye ba su san wuƙa ta taɓa shi ba, shi da bakinsa ya ce a rufa masa asiri. Amma akwai abin da shi kansa bai sani ba, kuma Mashkura ce ta ɓoye masa.

Ta juya shi a hankali ta zaunar da shi a kan doguwar kujerar da aka ƙara wa matashi biyu.

"Baba, kada ka harɗe."

"Na sani, Likita. Ba tsuguno, ba harɗe ƙafa, ba zaman ƙasa. Salla a kujera, cin tuwo a kujera, har kewayawa a kujera. Na haddace, ko in biya miki da ƙira'a?"

"Wata uku ne kawai. Tsuguno ɗaya in ka yi yanzu, ƙugun gocewa zai yi. Kuma ka ji abin da aka ce, in ya goce a shekarunka ba lallai ka sake takawa ba."

"Na ji. Ba ni ruwa."

Ta juya ta ɗauko moɗa ke nan aka kwaɗa sallama daga soro.

"Salamu alaikum! Masu gida suna ciki?"

Moɗar ta kusa suɓuce mata. Ko cikin kasuwar Shuwarin aka yi muryar nan za ta gane ta.

Baffa Arzika ne ya shigo, dogo, busasshe, ƙurar hanya har gira. A hammatarsa ɗan damin feƙaƙƙen kara, a hannunsa ƙullin tsummoki da 'yar ƙwaryar man shanu. Ya yi taku uku cikin tsakar gida ya tsaya cak.

Mashkura ta zube ƙasa. "Baffa sannu da zuwa. Ina kwana? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau." Ko kallonta bai yi ba. Idonsa yana kan ƙarfen. "Wannan kuma fa? Kejin kaji ne?"

"Arzika, ba a gaisawa ne?" in ji Malam Ɗan'inna.

"Yaya, ina kwana. Ya jiki?" Ya sauke idonsa kan ƙafar hagun, wadda take dire a kan siminti ba kara ba tsumma. "Yaya, ƙafarka nake gani a ƙasa? Wa ya kwance ɗorin? Ni na ɗaura, kuma a gidanmu hannun da ya ɗaura shi yake kwancewa."

"Baffa ka zauna ka sha ruwa tukuna, ga koko ma da sauran zafinsa."

"Kokon ba gudu zai yi ba. Bari in duba ɗan'uwana."

Ya ajiye kayansa ya tsuguna a gefen kujerar. Mashkura ta kau da kai gefe don kunya, amma kunnenta yana wurin. Ta ji an ɗage riga. Sannan ta ji Baffa ya ja numfashi kamar wanda aka watsa wa ruwan randa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya! Yanka ka aka yi?"

"Rage murya."

"Ɗinki ne wannan fa! Ya fi taƙi guda! Kamar bakin buhu!"

"Na ce ka rage murya, akwai maƙwabta." Malam Ɗan'inna ya gyara zama, yana kallon bango. "Ba wani abu ba ne. Ɗorinka suka tallafa. 'Yar ƙusa suka sa ta riƙe bakin karayar, shi ke nan. Ƙashina yana nan yadda Allah ya yi shi."

"Ƙusa."

"Ƙusa. Tambayi Likita."

Baffa Arzika bai tambaye ta ba. Ya yi bisimilla, ya lumshe ido, ya ɗora babban yatsansa a gefen ɗinkin. Ya danna nan, ya matsa ya danna can. Ya sa ɗaya hannun a ƙarƙashin gwiwa.

"Baffa don Allah kada ka ja!" Mashkura ta juyo ba shiri. "Kada ka murɗa ta ciki!"

"Ke, tun ba a haife ki ba nake riƙe ƙafar mutane." Ya ɗan ɗaga gwiwar kaɗan ya sauke. Ya sake ɗagawa ya sauke. Sai ya buɗe ido. "Yaya, ina ƙullin?"

Baffa ya sake danna wurin.

"Kai ka koya min. Karaya in ta kama sai ta bar ƙulli, ko da ƙusa ko ba ƙusa, kuma gaɓar sai ta yi tauri tana cijewa. Wannan ƙugun juyawa yake sumul kamar an zuba masa mai. Karayar da ta ƙi mu wata huɗu ba za ta warke haka ba."

"Ni ma..." Muryar tsohon ta yi ƙasa. "Ni ma in na shafa da safe ina neman sa in rasa. Sai in ce ko ƙiba na yi, abincin birni."

Wayyo Mashkura! Ashe duk kwanakin nan yana lalubawa. Ita tana murna ta rufe magana, shi kuma yatsunsa suna can suna bincike.

"Ba su ɗauki hoto ba?" in ji Baffa. "Ai masu zuwa mana daga asibiti suna zuwa da baƙar takardar nan mai nuna ƙashi."

"Sun ɗauka. Likita, ɗauko masa. Ni ma ban taɓa sa shi a idona ba."

"Baba, ina jin... ina jin a Kano muka baro shi."

"A Kano?"

"Eh."

"Shekaranjiya da mai gashin ƙashi ya zo, me ya ce ki mayar saman kabad kada ya lanƙwashe?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Mashkura."

Rabon da ya kira sunanta haka tun tana makarantar kwana.

"Je ki ɗauko."

Ta shiga ɗaki. Ta tsaya a gaban kabad ɗin tana tunanin ta ce ɓera ya ci, ta ce Mika'ilu ya tafi da shi sakatariya, ta ce komai ma. Amma ƙarya ɗaya ta yi a rayuwarta da mahaifinta, ga inda ta kawo ta. Ta taka kujera ta sauko da babbar ambulan ɗin, ta fito tana riƙe da ita da hannu biyu.

Baffa ya miƙo hannu.

"A'a," in ji Malam Ɗan'inna. "Jikina ne. Ba ni."

Ya zaro hoton ya ɗaga shi sama saitin rana.

Jama'a, mutumin nan bai yi boko ba, ko sunansa da yatsa yake dangwalawa. Amma tun yana ɗan shekara tara mahaifinsa yake kai shi wurin mahauta ya zauna ya harhaɗa ƙasusuwan akuya ido a rufe. Ba ya buƙatar kowa ya karanta masa hoton ƙashi. Ya kalli ɓangaren dama, ga ƙugu nan lafiyayye, kan ƙashin cinya a zaune cikin gurbinsa. Ya kalli hagu. Wani abu ne fari fat, dunƙulalle, mai santsi, da doguwar jela da ta nutse cikin ƙashin cinya har kusan rabi.

Ya matso da hoton kusa da idonsa.

"Arzika, zo ka gani. Ko idona ne."

Baffa ya leƙo ta kafaɗarsa. Bakinsa ya buɗe bai rufu ba.

"La'ilaha illallahu. Yaya, babu kan."

"Babu kan," tsohon ya maimaita. Ya sauke hoton a cinyarsa. "Wannan ce ƙusar?"

Mashkura ta durƙusa a gabansa. Hawaye tuni sun wanke mata fuska.

"Baba ka yafe min."

"Ban tambaye ki yafiya ba. Ina kan ƙashina?"

"Sun cire."

"Da me?"

"Baba..."

"Da me suka cire?"

"Da zarto."

Baffa Arzika ya dafe kai da hannu biyu ya zauna daɓas a kan siminti.

"Ya mutu ne, Baba, wallahi ya mutu!" Maganar ta ɓalle mata gaba ɗaya. "Tun ranar da ka faɗi jini ya daina kai masa. Irin wannan karayar ba a jikin sandar ƙashi take ba, a wuya take, can cikin gaɓa, kara ba ya isa wurin. Da suka buɗe sun same shi ya yi baƙi, yana marmashewa. Ko shekara goma aka yi ana ɗaure shi ba zai kama ba. Shi ne suka sa na ƙarfe a madadinsa, shi ne kake takawa da shi yanzu."

"Wato ɗorina ne ya kashe shi," in ji Baffa a hankali.

"Ban ce ba, Baffa. Ba laifinka ba ne, wurin ne..."

"Yi min shiru," in ji mahaifinta. "Ranar da muka shiga wurin babban likitan nan mai tabarau. Ya yi ta zuba Turanci yana zane a takarda. Na juyo na ce miki me ya ce. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Me kika ce min?"

"Na ce... ƙusa za su sa."

"Shi kuma me ya ce?"

"Ya ce za su yanke kan su sa na ƙarfe. Ya ce in tabbatar ka fahimta kafin ka sa hannu."

"Sai kika kama yatsana kika dangwala."

"Da na faɗa maka gaskiya da ba ka yarda ba! Ka rantse a mota, ka ce gara a kai ka kabari da a rage maka ƙashi. Baba, bayanka ruɓewa yake! Ni nake wanke gyambon, ni na san abin da na gani. Inna ta tafi ta bar mu, kai ma in zuba ido ka bi ta a kan tabarma?"

"Da kin bar ni na zaɓa."

"Da ka zaɓi mutuwa!"

"Tawa ce ai."

Can a maƙwabta rediyo yana ta sanarwar ɗaurin aure.

"Bara da aka ƙaddamar da shari'a," in ji Malam Ɗan'inna, muryarsa ba hayaniya, kuma wannan ya fi tsorata ta, "na ji malamai suna bayani. Ɓarawo ma ba a taɓa masa gaɓa sai an kai shi gaban alƙali. Sai an kawo shaidu. Sai an tambaye shi ya yi magana da bakinsa. Ni me na sata, Mashkura?"

Ta kifa kanta a kan gwiwarsa mai lafiya tana kuka. Ya janye ƙafar.

"Ina aka kai shi? Bola?"

"A'a! Wallahi a'a. Na roƙe su suka ba ni. Na wanke shi, na naɗe shi a farin ƙyalle. Mika'ilu ya kai maƙabarta a can Kano, aka haƙa aka binne."

Ta ɗauka wannan zai sanyaya masa rai. Ina! Sai ma ya zuba mata ido kamar yau ya fara ganinta.

"Kun binne."

"Eh, Baba."

"Da likkafani."

"Ƙyalle ne kawai..."

"Ashe wani sashe nawa ya riga ni shiga kabari, ina nan zaune ina shan koko ina yi miki ba'a. Arzika, ka ji? An kai ni maƙabarta ba a gaya maka ba."

Baffa yana share ido da bakin rawaninsa. "Shekara nawa muna gaya wa mutane kada su yarda a kai su inda ake yanka? Gidanmu kaka da kakanni ba a taɓa rage wa mutum ƙashi ba. Yau ga babban gidan da kansa..."

"Ya isa. Tashi ka kai ni gida."

Mashkura ta ɗago a firgice. "Gida ina?"

"Inda kika ɗauko ni. Arzika zai mayar min da karana. Ya ja ta ya daidaita ya ɗaure, in ta ga dama ta zauna, in ta ga dama ta bari."

"Baba, in aka ja ƙafar nan ƙarfen fita zai yi daga gurbinsa! Kuma a gida a ƙasa za ka kwanta, a ƙasa za ka zauna, masai na tsuguno ne. Kwana ɗaya ba za ka yi ba! Duk wahalar nan da ka sha, sati biyar kana koyon taku..."

"Da ƙafar wa?"

"Taka ce!"

"Tawa tana Kano a cikin rami."

Ta jawo ƙarfen dogarawar ta kafa a gabansa, ko don ta tare shi ko don ya riƙe, ita ma ba ta sani ba. Ya sa bayan hannu ya make shi. Ƙarfen ya kife a kan siminti da ƙara, har kajin maƙwabta suka ɗauki kyarkyara.

Ya dafa hannun kujera. Ya yunƙura. Ya miƙe.

"Baba, tsaya in riƙe ka!"

"Kika taɓa ni ban yafe ba."

Hannunta ya tsaya a iska.

Ya jefa ƙafar hagu. Ya biyo da ta dama. Jikinsa ya karkata kamar zai tafi, ya cafki sandar igiyar shanya, ya saki, ya sake jefa ƙafa. Faɗa yake yi yana tafiya, bai ma san abin da yake yi ba.

"Ni za a mayar abin wasa... a yanka ni kamar ragon suna... a sa min ƙarfen Nasara a ce min ƙusa... 'yar da na goya a wuyana..."

Mashkura tana biye da shi a baya taku da taku, hannuwanta a zagaye da shi ba ta taɓa shi ba. Wata biyar da kwanaki rabon mutumin nan da ya tsaya da kansa ba abin dogarawa. Yau ga shi ya wuce randa, ya wuce murhu, yana ɗingishi yana zagi yana tafiya. Ta rasa kuka za ta yi ko hamdala.

Baffa Arzika yana zaune a ƙasa baki sake. Sai da yayansa ya kai bakin soro sannan hankalinsa ya dawo, ya zabura ya suri kayansa.

"Yaya! Yaya tsaya! Kada ka fita, akwai mutane a ƙofa, ban kai ga faɗa maka ba!"

Ina, ya riga ya shige soron. Ya dafa bango, ya kai hannu ya ja ƙyauren.

Hasken rana ya faɗo masa a fuska, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa, a kan ƙafafunsa biyu.

Wata tsohuwar bas ce a fake a gindin darbejiya. Mutum biyar ko shida na Tsamiyar Maɗora suna tsaitsaye a inuwa. A tsakiyarsu an shimfiɗa katifa a ƙasa, wata tsohuwa tana kwance a kai an lulluɓa mata zane. Suka juyo gaba ɗaya.

"Allahu akbar!"

"Ga shi a tsaye! Wallahi ga shi a tsaye!"

"Ba sanda ba komai!"

"Ɗorin gidan ya ci! Mun faɗa muku ai!"

Sai a lokacin Malam Ɗan'inna ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙafafunsa. Ya waiwaya ta cikin soro ya hango ƙarfen dogarawar can nesa a kife a gaban kujera.

Wani magidanci ya taho da sauri ya zube a gabansa. Ta gane shi, Zailani ne mai awon hatsi a kasuwar Taura, kuma ta katifar mahaifiyarsa ce, Iya Indo.

"Baba Malam, barka da arziki! Barka! Iya ce ta faɗi shekaranjiya a bakin murhu, ƙugu ne, tun daga nan ba ta motsa ba. Ƙanina da yake aiki a Ringim ya dage sai a kai ta Kano, har mun ɗauki shatar mota. Sai Baffa Arzika ya ce mu biyo ta nan tukuna mu gani da idonmu, ya ce irin karayarka ce sak, kuma kara ne ya tashe ka."

Mashkura ta juya ta kalli Baffa. Ya sunkuyar da kai, damin karan a hammatarsa.

Ta leƙa ta gefen mahaifinta ta dubi katifar. Zanen bai rufe sawun tsohuwar ba. Ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, tafin ya kwanta ya kalli waje. Haka ta sami ƙafar Baba ranar da ta je ƙauye.

"Yanzu kam mun gani," in ji Zailani yana dariya da hawaye. "Kano ta ƙare. Abin da aka yi maka shi za ka yi wa Iya."

Tsohuwar ta ɗago kai da ƙyar.

"Ɗan'inna... kai ne?"

"Ni ne, Indo."

"Kai ka ɗora min hannun nan shekarar da aka yi fari, har yau da shi nake daka. Kada ka bari su kai ni wurin masu wuƙa. Ka taɓa ni da hannunka."

Mashkura ta matso daf da bayansa, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba, irin taka ce. Ka dubi sawun, ka fi ni sani. Kwana biyu ne kawai, in aka kai ta yau za ta tashi. Ka faɗa musu. Ni ka tsine min daga baya in ka ga dama, amma ka faɗa musu."

Bai waiwayo ba.

"Baba, ɗori a tsugune ake yin sa. Ka san ba za ka iya ba. Ka tsuguna a nan, a gaban mutanen nan za ta goce, kuma ba za ka sake tashi ba. Don girman Allah, Baba."

Mutane suna jira. Zailani yana durƙushe yana kallonsa. Iya Indo ta miƙo siririn hannunta.

Malam Ɗan'inna ya daɗe yana kallon sawun tsohuwar. Ya kai tafin hannunsa ya dafa ƙugunsa na hagu ta saman riga, daidai kan ɗinkin. Sannan ya sauka daga dokin ƙofa, taku ɗaya, taku biyu, har bakin katifar.

"Arzika."

"Na'am, Yaya."

"Miƙo min karan nan."

"Baba!"

Ya tattare bakin rigarsa da hannu ɗaya, gwiwoyinsa suka lanƙwasa, ya fara yin ƙasa.